Darasi: Gano Shekarun Mutum a Lokacin Ƙidayar Jama'a

Idan malamin ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, tambayoyin farko ba sa ba kowa wahala. Kowa ya san sunansa, ya san ko shi ɗa ne ko ƙane ko jika a wurin maigida. Sai an zo kan "shekarunka nawa?" za ka ga an yi shiru an kalli juna, can wani ya ce, "Malam, rubuta arba'in kawai." Malamin ma, da yake rana ta yi kuma gidaje na jiransa, sai ya rubuta arba'in ɗin ya wuce. Da irin wannan arba'in ake cika takardun ƙidaya, daga Baure har Babban Mutum, har sauran garuruwan ƙasar nan.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake zama da mutum a lalubo shekarunsa tare da shi. Darasin zai amfani wanda za a ɗauka aikin ƙidaya, zai kuma amfani maigida da uwargida da za a yi wa tambayar. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, mutumin da ya ce bai san shekarunsa ba yakan san abubuwa da yawa da za su fito da su. Ya san kakar da aka haife shi, ya san sa'o'insa, ya san abin da ya faru a gari shekarar da ya yi aure. Aikinmu mu tambaye shi waɗannan, mu kuma yi lissafi.

Me ya sa ake damuwa da shekaru?

Ƙidayar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi daga 21 zuwa 27 ga Maris, 2006 ta ba Najeriya mutum 140,431,790, ta ba Jihar Katsina 5,801,584, ƙaramar hukumar Baure kuma wajen dubu ɗari biyu. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Jimillar mutane ita ce abin da 'yan siyasa ke jayayya a kai, amma ma'aikacin ilimi da na lafiya ba jimilla suke nema ba. Sakataren ilimi yana son sanin yara nawa ne za su cika shekara shida bana, don ya san ajujuwa da malamai da benci nawa za a nema. Ma'aikaciyar asibiti tana son sanin jarirai nawa ne ba su kai shekara ba, domin da wannan ake auna allurar rigakafin da za a turo, irin ta ƙyanda da ake yi wa yaro yana wata tara. Ana son yawan mata 'yan shekara 15 zuwa 49 don tanadin awon ciki da haihuwa. Ana son yawan waɗanda suka kai 18, shekarun jefa ƙuri'a. Idan aka mayar da 'yan shekara huɗu da 'yan shida duk suka zama 'yan biyar, to a takarda aji ɗaya na firamare ya ragu alhali a gari yaran suna nan, kuma su ne za su zauna a ƙasa.

Masana ƙidaya suna da hanyar gane takardar da aka cika da kintace. Cikin kowace lamba goma, biyu ne kawai ke ƙarewa da sifiri ko biyar. Ke nan idan an rubuta shekarun gaskiya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne shekarunsa za su faɗa kan 25, 30, 35, 40 da makamantansu. Idan aka duba rajista aka ga rabin gari sun cunkushe a kan waɗannan lambobi, an san ba tambaya aka yi ba, fuska aka duba. Akwai ma'aunin da ake kira da sunan wani Ba'amurke, Whipple, wanda ke duba 'yan shekara 23 zuwa 62: idan ya nuna 100 babu cunkoso, idan ya haura 175 takardar ta yi rauni ƙwarai, idan ya kai 500 to kowa da kowa an ɗora shi a kan sifiri ko biyar. Ƙidayoyin Najeriya sun daɗe suna fama da wannan cunkoso. Kuna iya gwadawa yanzu a cikin aji: kowa ya faɗi shekarunsa a rubuta a allo, sannan a ƙirga nawa ne suka ƙare da sifiri ko biyar.

Wace irin shekara ake rubutawa?

Abin da ake rubutawa shi ne cikakkun shekaru, wato waɗanda mutum ya riga ya cika kafin ranar ƙidaya, da lissafin kalandar Bature. Mu kuwa a maganarmu ta yau da kullum mukan ƙirga shekarar da ake ciki. Uwa za ta ce, "Ya shiga ta huɗu." Wannan yaro shekararsa uku, uku za a rubuta. Jaririn da bai cika shekara ba, ko da watansa goma sha ɗaya, sifiri ake rubuta masa. Wasu iyaye sukan ji nauyin haka, su ga kamar an ce ɗansu ba kowa ba ne. A yi musu bayani cikin natsuwa cewa sifirin nan shi ne zai sa a lissafa jaririn cikin masu buƙatar rigakafi.

Haka ƙirgen damina yakan ƙara. Mu ɗauka muna zagaye a watan Maris na 2026, dukkan misalan darasin nan da wannan wata za mu yi su. Yarinyar da aka haifa a farkon shuka, watan Yunin 2023, ta ga damina uku, amma shekararta biyu da wata tara. Biyu za a rubuta.

Sai kuma lissafin watan Musulunci, wanda da shi mafi yawan dattawanmu ke ƙirga rayuwarsu. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kimanin kwana goma sha ɗaya. A shekara ɗaya wannan ba komai ba ne, amma yana taruwa: duk shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan 32 ta Bature. Dattijon da ya ce shekarunsa 66 da ƙirgen azumi ya faɗi gaskiya, sai dai a takardar ƙidaya 64 ne. Kada a yi masa musu, a tambaye shi da wane lissafi ya ƙirga, sannan a cire shekara ɗaya daga kowace 33.

A fara da takarda

Kafin a shiga dogon bincike a tambaya ko akwai takarda. Mafi ƙarfi ita ce wadda aka rubuta kusa da haihuwar: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin awo, katin rigakafi, ko abin da uba ko malamin unguwa ya rubuta a bangon littafi ranar suna. Mata da yawa suna ajiye katin rigakafi a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, kuma ba za a fito da shi ba sai an ambace shi da sunansa. Bayan waɗannan sai takardar gama firamare.

Katin zaɓe da katin ɗan ƙasa da takardar rantsuwar shekaru ta kotu suna taimakawa, amma a riƙa tuna cewa yawancinsu an yi su ne mutum yana babba, kuma abin da ya faɗa da bakinsa aka rubuta. Wani ya rage don neman aiki, wani ya ƙara don ya samu kati. Idan ka ga ranar haihuwa 1 ga Janairu, sau da yawa alama ce cewa shekarar ma kintata aka yi. Da yake Baure a bakin iyaka take, kuma akwai auratayya tsakaninmu da mutanen ƙasar Magarya, za ka iske matan aure masu tsofaffin takardun Nijar, inda aka rubuta da Faransanci cewa an haife su "wajen" shekara kaza. Ita ma wannan kintace ce, sai a gwada ta da wata shaidar.

Kalandar da ke cikin kawunan mutane

Inda babu takarda, abin da ya faru a gari shi ne takarda. Masu ƙidaya sukan tafi da jerin manyan abubuwan tarihi da shekarunsu, kuma ƙasar Daura tana da su da yawa. Tsofaffi na tuna zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956 da samun mulkin kai a 1960. Shekarar 1966 ba ta ɓacewa kowa: a cikinta aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, a cikinta Sarkin Daura Abdurrahman ya rasu aka naɗa Muhammadu Bashar. Yaƙin basasa ya ɗauki 1967 zuwa Janairun 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a Janairun 1973, fari mai tsanani ya biyo baya a 1973 zuwa 1974. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma a Satumbar wannan shekara aka buɗe makarantun UPE, aka kwashi yara da yawa zuwa boko. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, lokacin muna cikin Jihar Kaduna. Buhari ya karɓi mulki a ƙarshen Disambar 1983, aka rufe iyaka a 1984, ga fari ga tsadar hatsi, shekarun da mutanen bakin iyaka ba su manta ba. An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, Jigawa maƙwabciyarmu kuma a Agustan 1991. Annobar sanƙarau ta 1996, rasuwar Abacha a Yunin 1998, husufin ranar da aka yi 29 ga Maris, 2006, kwana biyu da gama ƙidaya, rasuwar Sarki Bashar da naɗin Sarki Umar Faruk Umar a 2007, zaɓen 2015, zaman gida na korona a 2020, jana'izar Buhari a Daura a Yulin 2025, duk turaku ne da za a ɗaure shekarun mutum a jikinsu.

Akwai tarko a nan. Abu ɗaya yakan faru sau da yawa da suna ɗaya. Idan tsohuwa ta ce "shekarar canjin kuɗi", an canza kuɗi a 1968 lokacin yaƙi, an canza a 1973, an canza a 1984, an kuma sha wahalar sababbin takardun naira a farkon 2023. An rufe iyaka a 1984, an sake a 2019, an sake a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. "Lokacin Buhari" ma biyu ne, na soja da na farar hula. Dole a ƙara tambaya: "Wanne daga ciki, Inna? Wanda aka daina sule, ko wanda aka canza launin takarda?"

Jerin da aka bugo daga Abuja ba zai san ranar da aka naɗa dagacinku ba, ko shekarar da kasuwa ta yi gobara, ko aka haƙa rijiyar burtsatse, ko kwalta ta iso gari, ko fari suka cinye gero. Waɗannan kuwa su mata da manoma suka fi tunawa. Kowace gunduma ta zauna da hakimi da dagatai da limamai da tsofaffin malaman makaranta ta tsara nata jerin tun kafin ƙidaya ta zo. A ganina wannan zama ɗaya ya fi kwana uku na horaswa amfani.

Sunan mutum ma shaida ne. Azumi da Labaran an haife su cikin Ramadan, Sallau lokacin salla, Marka da Anaruwa cikin ruwa, Nomau lokacin noma. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe. Sunan ba ya ba da shekara, amma yana ba da wata ko kaka ko matsayi a jerin haihuwa, kuma da wannan ake raba gardama tsakanin shekaru biyu.

Misali na farko

A ce mun shiga wani gida mun iske dattijuwa a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ɗanta na tsaye. An gaisa, an tambayi jikoki.

"Inna, ko kin san shekarunki?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Allah ne masani."

Ɗan ya ce, "Malam, sa tamanin. Ai ta kai."

Malamin bai rubuta ba, bai kuma ƙaryata ɗan ba. Ya gyara zama ya ce, "Inna, lokacin da aka kashe Sardauna kin yi wayo?"

"Na yi. Ina famfara a lokacin, ina bin yayata tallar fura. Na tuna maza sun taru a gindin rediyo."

"To da aka kawo ki gidan nan, da wane kuɗi aka biya sadaki?"

"Da sabon kuɗi. Shekarar aka daina sule, har babanmu yana ta juya takardar yana kallo."

"Wannan babban naki fa, damina nawa da aure kika same shi?"

Ta sunkuyar da kai, domin ɗan fari ne. Kishiyarta daga bakin murhu ta amsa, "Damina biyu."

Yanzu a yi lissafi. Yaro yakan fara famfara yana shekara shida zuwa bakwai. Idan tana da bakwai a Janairun 1966, an haife ta wajen 1958. An yi aurenta a 1973, tana da kimanin 15, wanda ya dace da yadda ake aurar da 'yan mata a lokacin. Ɗan ya fito da katinsa, an rubuta 1975, ya yi daidai da damina biyu bayan aure. Shaidu uku sun haɗu. Daga 1958 zuwa Maris 2026 shekarunta 67 ne ko 68, kuma da aka ji cewa da kaka aka haife ta, ba ta cika 68 ba tukuna. Sai a rubuta 67. Tamanin ɗin da ɗanta ya faɗa girmamawa ce, amma ta ƙara mata shekara goma sha uku. Duk zaman nan bai wuce minti biyar ba.

Ku lura da ɗan fari. Mace mai kunya ba za ta kama sunansa ba, wata ma ba za ta sa shi cikin lissafin 'ya'yanta ba a gaban baƙo. Kada a matsa mata. A tambayi kaka ko kishiya ko gwaggo. Kuma inda akwai kulle, mace mai ƙidaya ce ya kamata ta shiga ciki, domin maigida yakan san shekarun shanunsa fiye da watan da aka yaye ɗiyarsa, uwa kuwa ta riƙe shi.

Misali na biyu

Wani magidanci ya ce shekarunsa hamsin. Da aka bincika sai ya ce mahaifiyarsa ta sha gaya masa an haife shi da azumi, ana marka, ana zaɓen Shagari. An zaɓi Shagari sau biyu, a Agustan 1979 da Agustan 1983. Amma azumi yana zagaya kakanni, yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 1979 ya kama daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta ya faɗo a cikinsa. A 1983 kuwa an sha ruwan salla tun cikin Yuli, kafin zaɓe. Ke nan Agustan 1979 ne.

Idan aka cire 1979 daga 2026 za a samu 47. Sai dai muna Maris, Agusta bai zo ba, don haka bai cika 47 ba. Da lissafin Hijira an haife shi a Ramadan na 1399, ga shi an yi Ramadan na 1447, wato 48. Lambobi huɗu ke nan a kan mutum ɗaya: 50 da ya faɗa, 48 na Hijira, 47 na ragi, da 46. Na ƙarshen za a rubuta.

Yara da sa'o'i

Ga ƙananan yara, a jera 'ya'yan uwa ɗaya daga babba zuwa ƙarami, har da waɗanda suka rasu a tsakani, a tambayi tazarar kowane biyu. Idan aka samu katin ɗaya daga cikinsu, sauran sun fito. A tambaya ko yaron yana nono, ko an yaye shi, ko ya fara famfara. A yi hattara da tsawo da girman jiki: yaron da bai samu isasshen abinci ba yakan yi kama da wanda yake ƙasa da shi da shekara biyu. Tsohuwar dabarar nan ta sa yaro ya zagaya hannu ta saman kai ya taɓa kunne tana nuna kusan shekarun shiga makaranta ne kawai, ba ta isa shaida ita kaɗai ba.

Sa'o'i ma hanya ce mai kyau. Waɗanda aka yi wa kaciya tare, ko aka sa su makarantar allo tare, ko aka yi sunansu mako ɗaya, sun san junansu. Idan ɗaya ya yi boko yana da takarda, ya zama ma'auni ga sauran.

Kuskure biyu sun fi yawa. Yarinyar da aka gani da goyo akan ɗaga ta zuwa ashirin ko da sha bakwai gare ta, wadda ba ta yi aure ba kuma akan rage mata. Tsoho mai furfura akan kai shi tamanin ko ɗari. Na ga inda aka rubuta wa uwa shekarun da suka ɗara na ɗanta na fari da takwas kacal, kuma babu wanda ya lura sai da takardar ta bar gari. Kafin ka tashi daga gida, ka dubi shekarun uwa da na babban ɗanta, ka ga ko tazarar ta shiga hankali.

Akwai kuma tsoro, wanda yana da tushe. A zamanin haraji, saurayin da aka ce ya balaga sai a sa shi cikin masu biya, don haka iyaye suka koyi rage wa 'ya'yansu shekaru, kuma har yau wasu dattawa idan suka ga baƙo da takarda abin da ke zuwa musu ke nan. A gaya musu a fili cewa bayanin ƙidaya sirri ne a doka, ba a karɓar haraji da shi, ba a kuma raba tallafi da sunan wanda ya fi tsufa.

Jikokinmu bai kamata su sha wannan wahalar ba. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista cikin kwana sittin da haihuwa, kuma ma'aikatan Hukumar Ƙidaya suna ba da takardar a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Ku da kuka koyi rubutu a wannan aji, ku samu littafi guda a gida. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, a rubuta sunan jariri da ranar haihuwarsa da lissafin Hijira da na Bature, da boko ko da ajami.

Aikin aji da na gida

1. An haifi yaro a watan Nuwamba na 2019. Shekara nawa za a rubuta masa a ƙidayar watan Maris na 2026?

2. Wani malami ya ce shekarunsa 70 da lissafin Hijira. Nawa ne da lissafin Bature?

3. Wata mata ta ce tana goyon ɗanta na fari aka yi husufin rana, kuma an sa ta aji ɗaya shekarar da aka yi annobar sanƙarau. Ku kintata shekarunta da na ɗan, ku faɗi tambaya ɗaya da za ku ƙara yi mata.

4. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya malamin ƙidaya, ɗaya kaka wadda ba ta da takarda. A fara da gaisuwa, kuma kada a rubuta lamba sai an samu shaida biyu.

5. Kowa ya zauna da mutum mafi tsufa a gidansu ko unguwarsu, ya samo abubuwa biyar da suka faru a garinku waɗanda ba su cikin wannan darasi. Ku zo da su mako mai zuwa, za mu jera su a allo mu nemo shekarar kowanne.